Babanta ya ce sai Stuyvesant, yarinya kuma ranta na Bronx Science

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Bronx, cikin birnin New York. 'Yata ta fari shekararta 13, tana aji takwas. Malamarsu ta lissafi ta kira ni ta ce lallai mu yi mata rajistar SHSAT, jarrabawar da ake shiga makarantun sakandaren haziƙai da ita. Tunda babanta ya ji maganar ya kafe a kan Stuyvesant. Direban tasi ne, ya ce duk fasinjan da ya tambaya sunan da yake kira ke nan. Cewa ya yi ita kaɗai za a rubuta a fom, wai in yarinya ta ga akwai wata mafita za ta yi sanyi. Har so yake in na kwashi adashena a zuba a kuɗin lesin. Ita kuwa Bronx Science take so, ko wata ƙarama da ke cikin Kwalejin Lehman, amma ba ta iya buɗe baki a gabansa, ni kaɗai take faɗa wa. Wata maƙwabciyata kuma ta ce kada mu kuskura mu sa babbar makaranta a sama, in ba ta samu ba an yi biyu babu. Ni abin da ke damuna nisa ne da dawowar dare, ga shi na ji an ce baƙar fata ba su da yawa a can. Kuma ita ce ke taya ni da ƙannenta. Ban yi boko mai nisa ba, Turancin takardun nan yana ba ni wahala. Me zan yi?

Wata uwa daga Bronx

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Malamar nan da ta ɗauki waya ta neme ki, ki riƙe ta da kyau, za ki sake bukatarta kafin watan Maris.

Bari in fara da maganar maƙwabciyarki, domin ita ce ta fi yawo a tsakanin iyaye, kuma ba gaskiya ba ce. Makarantun nan tara ne. Takwas da SHSAT ake shigarsu, ta tara kuma, LaGuardia, ta kiɗa ce da zane da wasan kwaikwayo, gwajin fasaha take yi. A takwas ɗin ba a duba sakamakon aji, ba a karanta wasiƙar malami, ba a ganawa da yaro. Maki ne kawai. Tun 1971 majalisar jihar New York ta kafa dokar da ta ce jarrabawa ce kaɗai ƙofar shiga Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech, sauran da aka buɗe daga baya kuma a kan wannan tsari suke. Kowace shekara yara sama da 25,000 ke zama, gurabe kuwa wajen 4,000 ne.

Ga yadda ake rabon. Ana jera yaran ne daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa. Na farko a layi a ba shi makarantar da ya rubuta a sama, a wuce na biyu, a wuce na uku. In an zo kan 'yarki sai a duba zaɓinta na ɗaya. Da sauran kujera? In akwai, tata ce. In ta cika, a sauka zaɓinta na biyu, haka har a sami wadda ke da wuri. Ba a rage wa yaro komai don ya sa babbar makaranta a sama ya rasa. Yarinyar da ta rubuta Bronx Science a lamba ta uku, in makinta ya fi na wanda ya rubuta ta a lamba ta ɗaya, ita za a ba kujerar. Saboda haka babu wata dabara da ake yi wa jerin nan. Abin da ake so da gaske shi ake sa wa a sama.

Wannan bayanin shi ne kuma ke nuna haɗarin shawarar maigida. Stuyvesant ita ce ta fi kowace tsadar maki. A 'yan shekarun nan makin shigarta yana yawo kusa da 560, na Bronx Science kuma wajen 520. A ce yarinya ta sami 540, wanda maki ne da dubban yara ke mafarkinsa. In Stuyvesant kaɗai ke kan fom ɗinta, ba za a ba ta komai ba, domin ba a saka yaro a makarantar da bai rubuta ba. Kujerarta ta Bronx Science wani mai ƙasa da makinta zai hau. Zancen za ta yi sanyi in ta ga mafita kuwa, ban yarda da shi ba. Yarinyar da ta shiga ɗakin jarrabawa da sanin cewa ƙofa ɗaya ce tak, kuma babanta na tsaye a bakin ƙofar yana jira, hannunta rawa zai yi.

Akwai ɗaya gefen da iyaye da yawa ba sa lura da shi sai lokaci ya ƙure. Makaranta ɗaya ake bayarwa a cikin takwas ɗin. In aka sa Stuyvesant a sama don a faranta wa baba, aka ce ai in ta ci duka sai a zaɓa daga baya, to babu daga baya. In makinta ya kai, Stuyvesant za a ba ta, Bronx Science ta wuce ke nan, ba a musanya. Wato hukuncin inda yarinyar nan za ta yi shekara huɗu ana yanke shi ne ranar da kuka jera sunaye a shafin MySchools, wato shafin intanet na neman gurbi a makarantun birnin, lokacin rajista, wajen watan Oktoba. Sakamakon da ke fitowa a Maris sanarwa ce kawai. Don haka maganar da kike ta kauce wa yi da maigida, yanzu ne lokacinta.

Kada ki shiga maganar da nufin kayar da shi. Mutumin da ke kwana a kan sitiyari, yana ɗaukar masu kwat yana sauke su a gindin manyan benayen Manhattan, in ya ce 'yarsa sai makarantar da ta fi kowace, ai kin san daga ina maganar ta fito. Kuma fasinjojinsa ba ƙarya suka yi ba. Stuyvesant tun 1904 take, mutum huɗu da suka yi karatu a cikinta sun sami kyautar Nobel. Sai dai in suna yake nema, ki ba shi wannan ya riƙe: Bronx Science, wadda aka buɗe a 1938, ta yaye mutum tara da suka sami Nobel, bakwai daga cikinsu a fannin fiziks. Ta baya-bayan nan mace ce, Claudia Goldin, a 2023, a fannin tattalin arziki. Makarantar ta fara ɗaukar mata tun 1946, ita kuwa Stuyvesant sai 1969, shi ma sai da wata yarinya ta kai ƙara kotu. Wanda ya ce 'yarsa na Bronx Science ba shi da abin sunkuyar da kai a kowane masallaci a birnin nan.

Zan ƙara miki da wani abu da ya kamata ya kwantar wa kowa da hankali a gidan. A 2014 wasu masana uku, cikinsu har da Joshua Angrist wanda ya sami Nobel a 2021, sun wallafa bincike a kan irin waɗannan makarantu a New York da Boston. Sun kwatanta yaran da suka tsallake da ƙyar da waɗanda suka rasa da ɗan maki kaɗan, wato yara masu ƙoƙari kusan ɗaya, suka bi sawunsu. Bambancin sakamakonsu a jarrabawoyin gaba bai taka kara ya karya ba. Binciken dai a kan maki ya tsaya, bai auna abokai ko ɗakin gwaje-gwaje ko irin malaman da yaro zai haɗu da su ba, kuma waɗannan suna da daraja. Amma ya nuna cewa yawancin hasken da ake gani a makarantun, yaran ne suka shigo da abinsu. 'Yarki tana da nata tun kafin ta ga ƙofar kowace.

Yanzu nisa. A nan ina bayanki, kuma a ganina wannan ya fi suna nauyi. Stuyvesant tana can ƙasan Manhattan, a titin Chambers, bakin kogin Hudson. Daga tsakiyar Bronx, in aka haɗa tafiyar ƙafa da jiran jirgi da zaman cikinsa, awa guda ce ko fiye. Ana fara darasi wajen ƙarfe takwas, ke nan kafin bakwai ta bar gida. Shekarar karatu kwana 180 ce. Awa biyu a rana sau 180, awa 360 ke nan a cikin jirgin ƙasa kowace shekara, ga aikin gida na awa biyu zuwa uku yana jiranta da dare. A watan Disamba rana kan faɗi da misalin huɗu da rabi. Abin da ke sa makarantun nan su yi wa yaro amfani kuwa, yawancinsa bayan an tashi ake yi: ƙungiyar lissafi, muhawara, haɗa mutum-mutumi, binciken kimiyya. Yarinyar da dole ta ruga gida da an kaɗa ƙararrawa don kada duhu ya same ta a hanya, rabin makarantar kawai ta samu. Bronx Science kuwa tana unguwar Bedford Park, cikin Bronx ɗin da kuke zaune, jirgi mai lamba 4 da mai harafin D duk suna tsayawa kusa da ita. Kuɗin mota ba matsala ba ne ko'ina ta tafi, tun 2024 katin OMNY na ɗalibai yana ba da hawa huɗu kyauta a rana. Lokaci da barci su ne abin lissafi.

Maigida ya san birnin nan a mota, da kujerarsa da na'urar ɗumama. Ki roƙe shi abu ɗaya, ki kuma roƙa lokacin da yara ba sa wurin: wata safiya ta ranar aiki ya ajiye motar, su fita shi da 'yarsa ƙarfe shida da rabi, su hau jirgi mai lamba 2 har Chambers, ita da jaka cike da littattafai a baya, a tsaye cikin cunkoso. Wata ranar kuma su je Bedford Park. Kada ki ce masa komai a kan abin da zai gani, gani ya kori ji. Tafiyar tana da wani amfanin. Yarinyar da ba ta iya magana a falo, sau da yawa bakinta kan buɗe in suna su biyu a hanya. Shekara 13 ba ta isa yanke hukunci ita kaɗai ba, amma ita za ta yi zaman, ya kamata babanta ya ji dalilinta daga bakinta, ba ta bakinki kullum ba. In kin ga abin ya ci tura, ki nemi malamar nan ta zauna da ku ku uku. Akwai mazan da maganar da suka ƙi ji a gida, in ta fito daga bakin malami sai su karɓa hannu biyu.

Zancen baƙar fata ba jita-jita ba ne. A 2019, cikin yara 895 da Stuyvesant ta ba gurbi, bakwai ne baƙaƙe, kuma shekarun da suka biyo baya adadin bai yi wani motsi ba. A makarantu takwas ɗin gaba ɗaya, baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka kan sami kusan kashi 10 cikin 100 na gurabe, alhali su ne kusan biyu bisa uku na ɗaliban makarantun gwamnati a birnin. Bronx Science ma ba ta tsira daga wannan ba. Kada ki ɓoye mata, kada kuma ki tsorata ta da shi. Ta san tun yanzu cewa akwai ajin da za ta shiga ta tarar ita kaɗai ce mai irin fatarta, kuma ba alfarma aka yi mata ba, maki ɗaya aka auna kowa da shi. Ta fuskar addini abin ya fi sauƙi. Musulmi suna da yawa a makarantun, musamman 'yan asalin Bangladesh, mai hijabi ba baƙuwar ido ba ce, kuma tun 2015 aka sa ranakun sallah ƙarama da babba cikin hutun makarantun birnin. Makarantun kan buɗe ƙofa ga iyaye a wannan kaka. In kun je, ku bar malamai da jawabinsu, ku tare wata ɗaliba mai hijabi a baranda ku tambaye ta a ina take sallar azahar, ƙarfe nawa take kwanciya, kuma da za a mayar da ita aji takwas, nan za ta sake zaɓa?

Ƙaramar da ta ambata ta cikin Kwalejin Lehman ita ce High School of American Studies. Ɗalibanta wajen 400 ne, Bronx Science kuwa kusan 3,000, kuma tsakaninsu tafiyar ƙafa ce. Makaranta ce mai kyau ƙwarai, amma ƙarfinta a tarihi yake da rubutu. Yarinyar da malamar lissafi ta yaba, sai in tambaya me ya ja ta can. In ƙanƙantar ce ta burge ta, tana son wurin da malami zai san sunanta, to ta duba wadda ke cikin City College a Harlem, High School for Math, Science and Engineering. Ita ma ƙarama ce, lissafi da injiniyanci ne aikinta, kuma daga kudancin Bronx ba nisa. In kuwa don ƙawarta za ta can ne, wannan ba dalili ba ne, maki na iya raba su. Brooklyn Tech, mai ɗalibai kusan 6,000, da wadda ke Staten Island, kada ku rubuta su don cika layi. Duk makarantar da ba za ki yarda ta je ba in an ba ta, ba ta da wuri a fom.

Adashenki kuma ki bar shi inda yake tukuna. Hukumar ilimi ta birnin tana fitar da littafin jagora da gwaje-gwajen jarrabawar kyauta. Jarrabawar awa uku ce, rabi Turanci rabi lissafi, ba a shiga da kalkuleta, kuma daga 2025 a kan kwamfuta ake yin ta. Asabar mai zuwa ki zaunar da ita ta yi gwaji guda cikakke, agogo a gabanta, waya a hannunki, ƙanne a waje. Sannan ta kai wa malamar su duba inda ta faɗi. 'Ya'yanmu da ke da ƙarfi a lissafi, galibi ɓangaren karatu ne ke cin su, dogayen nassoshi da tambayoyin da amsoshinsu biyu ke kama da juna. In gwaji biyu ko uku sun nuna rauni a wuri ɗaya, a nan ne biyan mai koyarwa na 'yan makonni ke da ma'ana. Zuba dubban daloli a lesin ana saura wata ɗaya ko biyu, yawanci hankalin iyaye yake kwantarwa. Ki gaya mata kuma ba a cire maki don an yi kuskure, kada ta bar tambaya ko ɗaya ba amsa. Akwai shirin horarwa na kyauta mai suna DREAM, amma tun aji bakwai ake shigarsa, sai ki riƙe sunan saboda ƙannenta. Wanda zai iya shafarta yanzu shi ne Discovery: ana ware kashi 20 cikin 100 na kujeru ga yaran gidaje masu ƙaramin ƙarfi, daga makarantun unguwannin talakawa, waɗanda makinsu ya gaza da kaɗan. Sukan yi karatun bazara sannan su shiga. Ki tambayi makarantarsu ko ta cancanta. Shi ma a makarantun da aka rubuta a fom kaɗai ake duba yaro, wani dalilin ke nan na ƙin rubuta suna ɗaya.

Akwai fom na biyu, kuma shi ne wanda gidaje irin naku suka fi sakaci da shi saboda hankali ya tafi kan jarrabawa. Shi ne na sauran makarantun sakandaren birnin, sama da 400, ana rufe shi a farkon Disamba. Ba ya cin karo da na SHSAT, yarinya na iya samun gurbi a nan da can, a Maris ta zaɓa. A cikinsa akwai makarantu masu tace ɗalibai da sakamakon aji bakwai, akwai kuma irin Bard High School Early College, wadda ta buɗe reshe a Bronx a 2023, inda yaro ke fita da takardar sakandare haɗe da ta shekara biyu ta kwaleji ba tare da biyan ko sisi ba. Ku duba Manhattan Center for Science and Mathematics da ke gabashin Harlem ma. Cikin kowane yara shida da suka zauna SHSAT, biyar ba sa samun gurbi, saboda haka wannan fom ɗin a cika shi kamar babu wancan. Turancin takardu kuma kada ya tsaye miki. Haƙƙinki ne a ba ki tafinta kyauta, a makaranta ko a ofisoshin da ake kira Family Welcome Center. Ki faɗi harshen da kike so, kada ki sa yarinyar ta zama ita ce tafintar maganar da ta shafe ta.

Saura ke. Kin ce ita ke taya ki da ƙanne, kin faɗe shi a ƙarshe kamar ƙaramin abu. A duk makarantar da ta shiga cikin waɗannan, za ta zauna aji ɗaya da yaran da ba a sa su ko ɗauke kofi a gida. Ban ce ta daina aiki ba, 'yar fari ce, kuma aikin gida tarbiyya ne. Amma ɗauko ƙanne daga makaranta kullum, da girkin dare, da wanke-wanke, da islamiyyar Asabar da Lahadi, da aikin makaranta na awa uku, ba za su shiga rana ɗaya ba, kuma abin da za a fara yankewa barcinta ne. Ku zauna tun yanzu a raba: wane aiki zai koma kan mai bi mata, wanne za a bar mata a ƙarshen mako, wa zai riƙa ɗauko yara. Wannan ma a sa shi cikin maganar da za ki yi da maigida, domin mai son 'yarsa ta shiga makarantar haziƙai, akwai kason da zai ɗauka a gida.

Ranar da sakamako zai fito a Maris, ita za ta fara buɗewa, ku biyu ko ku uku a ɗaki. Kada a kira 'yan'uwa na gida a bidiyo ana jira, kada kuma a yi ta shela a zauren WhatsApp na dangi tun yanzu cewa za ta Stuyvesant. In ba ta samu ba, ana sake zama a aji tara, sai dai guraben kaɗan ne ƙwarai, don haka ku karɓi makarantar da fom na biyu ya ba ta, ta fara da niyyar zama.